Buhunan da ban ƙirga ba

A ƙarshen watan Disamba na 2024 na miƙa makullan ofishina a Yamai, bayan shekara 33 ina aikin banki. Abokan aiki sun shirya ƴar walima, aka yi addu'a, aka ba ni dama in yi magana, sai na yi godiya na nemi gafara na zauna, domin wanda nake da magana a kansa ya daɗe da barin wurin, waɗanda ke zaune kuwa ba tsohon zance ya tara su ba. Amma tun daga ranar abin yake cina a rai, musamman idan na tuna samari da ƴan matan da ke ɗaukar dosiye zuwa kwamitin bashi, suna sa hannu a ƙasan rahoton da wani ya riga ya yanke hukuncinsa ta waya. Saboda su nake wannan rubutu. Ba zan ambaci bankin da na yi wa aiki ba, ba kuma zan kama sunan kowa ba. Waɗanda suka san zancen sun san shi.

Na shiga aikin a 1991, lokacin da ba mai yi wa ɗansa fatan banki. Shekara guda kafin nan aka rufe BDRN, bankin raya ƙasa da aka kafa a 1961, wanda ya yi kusan shekara 30 yana ɗauke da harkar kuɗin Nijar, aka buɗe Sonibank a kan abin da ya rage mai lafiya. CNCA, asusun bashin manoma, ya riga ya durƙushe, kuma a cikin waɗannan shekarun ne asusun ajiya na gidan waya ya kasa biyan talakawan da suka tara jikka-jikka a ɗan littafinsu. A shekarar da na shiga aikin ce aka zauna babban taron ƙasa, daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba, ma'aikatan gwamnati kuwa sukan kwashe watanni ba su ga albashi ba. Da na je Tawa na shaida wa mahaifina cewa an ɗauke ni aiki, sai ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce Allah ya sa albarka, amma in sani amanar mutane zan riƙe a gidan da mutane suka daina ba amana.

Wanda ya fara koya mini aikin wani dattijo ne da ya yi shekaru a ɗaya daga cikin bankunan da suka rufe, dukanmu muna kiransa Baba. A makona na farko ya ciro takardar jikka daga aljihu, ya nuna mini harafin H da ke jikin lambarta, ya ce wannan harafin shi ne rabon Nijar a cikin kuɗin, kamar yadda A yake na Kodibuwa, K na Senegal, saura kuwa duk na tarayya ne. Daga bakinsa na fara jin tarihin da daga baya na bi na karanta da kaina. Bankin farko na wannan yanki an kafa shi ne a 1853 a birnin Saint-Louis na Senegal, kuma jarinsa ya fito daga diyyar da Faransa ta biya masu bayi bayan ta hana bauta a 1848. A 1901 ya rikiɗe ya zama BAO, mai hedikwata a Paris, wanda ke buga kuɗi yana kuma ba da bashi, bashin kuwa na manyan kamfanonin Turawa ne irin su CFAO da SCOA, masu sayen gyaɗar Maraɗi da Damagaram su loda ta zuwa teku. Manomin da ya noma gyaɗar ba ya cikin littafin, sai dai a matsayin wanda za a kai wa tsabar kuɗi da kaka domin ya samu na biyan haraji. An ƙirƙiro sefa ranar 26 ga Disamba 1945, aka karɓe ikon buga kuɗi daga hannun BAO a 1955, hukumar da ta gaje shi ta zama BCEAO, babban bankin ƙasashen sefa na Afirka ta Yamma, a 1959, ƙasashenmu suka ƙulla tarayyar kuɗi a 1962, amma hedikwatar babban bankin ba ta baro Paris ta dawo Dakar ba sai a 1978, zamanin Abdoulaye Fadiga, ɗan Afirka na farko da ya shugabance shi.

Saboda haka da gwamnatin Diori Hamani ta kafa BDRN tare da taimakon wani bankin Tunisiya, ta bi shi da UNCC, hukumar bashi da haɗin gwiwar manoma, a 1962 da CNCA a 1967, abin da take nema shi ne bankin da zai san da zaman ɗan ƙasa. Har yau ba na yarda da masu cewa kafa waɗannan bankuna kuskure ne tun daga tushe. Da bashinsu kamfanonin kasuwanci na ƙasa irin su SONARA da Copro-Niger suka yi aiki, kuma da shi ne Alhazan Maraɗi da dama suka samu jarin da babu bankin Bature da zai ba su. Sai kuɗin uraniyom ya shigo, kamfanin Somaïr ya fara haƙa a Arlit a 1971, na Cominak ya biyo baya a 1978, gine-gine suka tashi a Yamai zamanin Seyni Kountché, bashi ya zama abin da ake bayarwa da sauri fiye da yadda ake iya bin sawunsa. Daga farkon shekarun 1980 farashin uraniyom ya faɗi, a 1984 fari ya zo, Najeriya ta canza takardun naira ta rufe iyaka a watan Afrilu, shekarar da har yau tsofaffinmu ke kira El Buhari, ba a kuma buɗe iyakar ba sai 1986. Ɗan kasuwar da ya ci bashi ya kasa biya, kamfanin gwamnati ya kasa biya, wanda ke da halin biya kuma ya ga ba mai tambayarsa. Ba mu kaɗai abin ya samu ba, domin a Benin bankunan gwamnati gaba ɗaya suka rushe a ƙarshen shekarun nan, Senegal ma ta rufe da dama, abin da ya sa a 1990 aka kafa hukumar sa ido kan bankuna ta tarayyar, mai mazauni a Abijan.

Baba bai taɓa yarda a ɗora wa fari laifin ba. Yakan ce fari ya yaye zane ne kawai, ciwon ya daɗe a jiki. Ya ce da ni: «Ɗana, bashi iri uku ne. Akwai na takarda, akwai na ido, akwai na waya. Na takarda yakan ɓaci, na ido ba safai ba, na waya kuwa tun ranar da aka ba da shi ya mutu, sai dai a jinkirta jana'iza.» Ya ba ni labarin dosiyoyin da ke zuwa teburinsa da ɗan katin wani babba a liƙe a goshinsu, ba a rubuta kome a katin ba, kuma kowa ya san ba a buƙatar a rubuta. Na haddace maganar, na maimaita ta ga waɗanda suka zo bayana, ina jin cewa na fahimce ta. Bayan shekara 17 na sa hannu a kan bashin waya.

A 2006 aka tura ni reshenmu na Tawa a matsayin mai kula da bashin ƴan kasuwa, na kuwa yi murna, domin garinmu ne. A lokacin harkar ta canza ƙwarai daga yadda na same ta. Bankin BOA ya shigo a 1994, Ecobank a 1999, wasu suka biyo baya, bankuna suka yi yawa a kan ƴan tsirarun manyan ƴan kasuwa da ma'aikata masu albashi, kowane shugaban reshe kuma an ɗora masa adadin bashin da zai fitar kafin a rufe littafin shekara. Shugaban reshenmu ya girme ni da kaɗan, ya yi karatu a waje, ya san dokokin hukumar Abijan kamar ruwa, kuma idan yana jawabi a kan abin da ya kashe tsofaffin bankuna sai ka ce shi ya wanke gawarsu.

Da kakar 2008 wani Alhaji, sananne daga Tawa har Ƙonni, ya nemi bashin sefa miliyan 70 don ya ƙara sayen wake ya ajiye zuwa bazara, lokacin da farashi ke tashi masu saye kuma su zo daga Najeriya. Jinginar da ya bayar ita ce waken da ya ce yana da shi a ƙasa, buhu 4,000 a mangaza biyu. Tsarin ba baƙo ba ne, kuma ƙa'idarsa a bayyane take: ma'aikacin banki ya je ya ƙirga kayan da idonsa, a soka wasu buhuna a ga abin da ke ciki, a sa kwaɗo biyu a ƙofa, makulli ɗaya a hannun mai kaya ɗaya a hannun banki, yadda ba mai fitar da ko tiya guda sai da sanin ɗan uwansa. Ana gobe zan tafi, bayan sallar isha'i, shugaban reshe ya kira ni a salula. Ya ce: «Malam, gobe za ka wurin Alhaji. Ka san bankuna biyu na zawarcinsa, kuma daga sama aka yi mini maganarsa. Ka je ka gaishe shi, ka duba, ka dawo, kada ka ba mu kunya. Maganar kwaɗo ka bar mini, ni zan yi masa ita da kaina, ba a yi wa irinsu haka a gaban yaransu.» Na ce: «To, ranka ya daɗe.» Iyakar abin da na ce ke nan.

Ina iya tuna ranar kamar jiya. Alhaji bai zo ba, ya aiko babban yaronsa da mota, aka kai ni bayan gari wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Da aka ja ƙofar ƙarfen mangazar farko, warin maganin ƙwari ya buge ni har idona ya kawo ruwa, ga buhuna an jera su tsaf daga bango zuwa bango, sun kusa taɓa kwano, ba a bar ko hanyar da mutum zai ratsa ba. Na soka buhu uku na gaba, wake ne fari mai kyau, ba huda ko ɗaya. Na ƙirga na tsaye, na ƙirga na kwance, na fita na auna tsawon ginin da taku, na ninka, lissafi ya ba ni wajen 2,200. A jikin bango akwai tsani na katako a jingine. Na dube shi, na san cewa idan na hau na leƙa ta saman jerin zan ga ƙarshen ɗakin, na kuma san cewa yaron Alhaji na kallona, zai koma ya ce ma'aikacin banki ya hau tsani yana leƙen kayan Alhaji kamar wanda ya zo kama ɓarawo. Ban hau ba. Mangaza ta biyu a kulle muka same ta, aka ce maigadi ya tafi ƙauye ta'aziyya da makulli a aljihu, na leƙa ta kafar ƙofa na hango buhuna, yaron ya ce 1,800 ne, na rubuta 1,800. Da yamma na zauna na buga rahoto cewa na gani da idona na ƙirga buhu 4,000, na sa hannu, shugaban reshe ya sa nasa a gefe a matsayin wanda ya gani ya wuce da shi gaba. Cikin mako guda kuɗi suka fita. Kwaɗon banki bai taɓa hawa ƙofar ba, na tambaya sau ɗaya, aka ce mini ana kan magana, ban sake tambaya ba.

Watan Mayu ya zo ba a biya ba, Yuni ya wuce, Alhaji yau yana Kano gobe yana Kwatano. Da masu bincike suka zo daga Yamai aka fasa ƙofar a gaban ma'aikacin kotu, sai aka tarar jeri huɗu ne kawai na gaba, bayansu fili ne fetal har bango, ƙasa a share, ko alamar an taɓa ajiye kaya babu. Abin da ke wurin bai kai buhu 500 ba. Mangaza ta biyu kuwa ba tasa ba ce ma, ta wani ɗan kasuwa ce da ya ba shi aron inuwarta na yini guda ba tare da ya san abin da za a yi da ita ba. Ni da na tsaya a ƙofar ranar, tsanin nan yana nan a jingine inda na bar shi.

A zaman da aka yi a Yamai an ajiye rahotona a tsakiyar tebur, aka karanta mini layin da na ce na gani da idona. Aka tambayi shugaban reshe, sai ya ce shi bai taɓa zuwa mangazar ba, ya dogara ne da rahoton ma'aikacinsa, ɗan garin, mai shekara 17 a bakin aiki, kuma maganar kwaɗo aikin mai kula da dosiye ne. Ya faɗi haka cikin natsuwa, bai ɗaga murya ba, bai kuma dube ni ba. Na ce ya kira ni da dare ya ce in bar masa maganar kwaɗo. Aka ce ina shaida. Ba ni da ita, domin waya ba ta barin sawu a dosiye, wanda ya yi masa magana daga sama kuwa ba a ko tambayi ko wane ne ba. Aka ba ni takardar gargaɗi, aka cire ni daga harkar ba da bashi, aka maido ni Yamai sashen bin tsofaffin basussuka, na yi shekara 6 ba ƙarin girma. Shi kuwa bayan shekara biyu aka ba shi babban reshe, daga can ya wuce wani bankin da muƙamin da ya fi wannan. Mun haɗu sau ɗaya a wurin ɗaurin aure, ya miƙo hannu yana murmushi ya ce: «Malam, kwana biyu.» Na karɓa, domin musulunci ya ce a karɓa.

Laifina na amsa shi tun a zaman, kuma ban taɓa janyewa ba. Ni na rubuta abin da ban gani ba, ba wanda ya riƙe mini hannu. Abin da na kasa haɗiyewa har yau shi ne yadda aka tsara aikin, yadda mai ba da umarni ba ya barin rubutu, mai rubutu kuwa ba shi da ikon ƙin umarni sai ya shirya rasa gurbinsa. Bayan rushewar shekarun 1980 an yi dokoki masu kyau, an ɗaga jarin da banki zai mallaka kafin ya buɗe ƙofa har ya kai biliyan 10, daga baya aka yanke a kai shi 20, an kafa asusun lamunin ajiya na tarayya a 2014, an kawo ofishin tattara bayanan masu cin bashi, an shigo da ƙa'idojin duniya na tsaron bankuna, waɗanda ake kira Basel, a 2018. Duk na ga amfaninsu, kuma bankin yau ya fi na jiya ƙarfin ƙashi nesa ba kusa ba. Sai dai dukansu suna tsaye ne a kan rahoton wani ƙaramin ma'aikaci da aka aika bayan gari da rana tsaka, kuma a cikinsu babu wadda ta tanadi abin da zai kare shi idan ya dawo ya ce bai ga kome ba.

Shekarun da na yi a sashen bin bashi, waɗanda aka nufa su zama horo, a cikinsu na koyi aikin da gaske. Ɗaki ne a ƙasan bene, cike da dosiyoyin da ƙura ta rufe, wasu tun kafin a karya darajar sefa. Na karanta ɗaruruwa, ɗaya bayan ɗaya, kuma da wuya in buɗe na babban bashin da ya mutu ban tarar da rahoton ziyara mai tsabta ba, gajere, ba gyara ba ƙorafi, an rubuta shi rana guda da ziyarar, kuɗi sun fita cikin kwanaki. Ƙananan basussukan da suka ɓaci kuwa dosiyoyinsu masu kauri ne, an tambayi mai su takarda bayan takarda, kuma galibi dalilin rashin biyan a fili yake: gobara a kasuwa, rashin lafiya, mutuwa, ko albashin da gwamnati ta riƙe. Da yawansu sukan zo da kansu da jikka biyar ko goma a hannu suna ba da haƙuri.

A nan ne wani mutum ya riƙa dawo mini a rai. A watan da na sa hannu a kan miliyan 70, wani mai sayen albasa daga wajen Galmi ya zo ofishina yana neman miliyan 2 don ya cika lodin mota zuwa Abijan. Ya zo da ɗan littafin makaranta da ya rubuta cinikinsa na shekara uku da ajami, kowace tafiya da abin da ya saya da abin da ya ruɓe a hanya da abin da ya rage masa. Ban taɓa ganin lissafi mai gaskiya irin wannan a hannun manyan da ke zuwa da akawunsu ba. Amma ba shi da takardar mallakar fili, gidansa na gado ne a ƙauye, ba shi da albashi, ba shi da mai tsaya masa da banki ya sani. Na ce masa: «Malam, ka yi haƙuri, doka ba ta ba ni dama ba.» Ya naɗe littafinsa ya ce: «Ba kome, Allah ya sa haka ya fi alheri.» A ranar ya samu kuɗin a kasuwa wurin wani ɗan uwansa ɗan kasuwa, ba takarda, sai shaidu biyu da fatiha. Yau yana da motocinsa, ƴaƴansa na karɓar kaya a Abijan da Akara, kuɗinsa na yawo ta gidajen aika kuɗi irin su Nita da Al Izza, kuma ko asusu bai buɗe a banki ba. Ban ga laifinsa ba.

Wannan shi ne ramin da ke cikin tarihin bankinmu tun daga BAO, kuma ban ga an cike shi ba. Ƙasar Adar, wato yankinmu na Tawa, tana rayuwa ne da albasa da dabbobi da kuɗin ƴan bida da ke aikowa daga bakin teku, kuma duk wannan dukiya tana tafiya ne a kan sanayya: wane ɗan wane ne, ya taɓa cin amana ko bai taɓa ba, wa zai tsaya masa. Kasuwa tana da wannan ilimi, mata masu adashe suna da shi, banki kuwa ya gaji takardar da aka tsara domin kamfanin Bature, sannan domin ma'aikacin gwamnati, ya kasa karanta littafin ajami. Inda ya ce zai yi aiki da sanayya kuma, sai ya ɗauko mafi muninta, wato sanayyar manya. An yi ƙoƙari, ban musa ba. Asusun ajiya da lamuni na jama'a sun yaɗu tun shekarun 1990, an buɗe bankin BAGRI a 2011 domin manoma, bankin musulunci ya jawo wasu da kuɗin ruwa ya hana su kusantar mu. Duk da haka mafi yawan mutanen da na tashi tare da su a Tawa ba su taɓa tsayawa a gaban gishe ba sai don karɓar saƙo. Masu muhawara a kan sefa, ko a bar ta ko a buga kuɗin ƙasa, suna da hujjojinsu kuma ina saurarensu da girmamawa, amma duk sunan da aka buga a takardar, wani ne zai zauna ya yanke wa za a ba bashi, kuma a kan wannan kujerar na ga an yi ɓarna.

Sauran abubuwan da na koya ba su da tsawo. Ranar 12 ga Janairu 1994, da aka wayi gari faran ɗin Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, na ga ɗan kasuwar da ya yi odar kaya daga waje ya kwana da bashi ya tashi da ninkinsa, tun daga nan ban sake ce wa abokin hulɗa abu ba zai taɓa faruwa ba. A canjin takardun kuɗi na 2004 na ga irin dukiyar da ke kwance a tukwane da ƙarƙashin katifa, wasu takardun gara ta ci gefensu, na gane cewa rashin yarda ne ya hana mutane zuwa wurinmu. Kada ka karɓi ko goro daga mai neman bashi kafin a yanke hukunci. Umarnin da aka ba ka da baki, ka mayar da shi a rubuce cikin ladabi kafin ka kwanta, ka ce kana neman tabbaci ne. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba.

Da aka maido ni harkar bashi a 2015 na yi shekara 9 a kujerar, kuma ba dosiyen da ya wuce ta hannuna da kayan da ban taɓa da hannuna ba. An kai ƙarata sama sau biyu cewa ina kunyata manyan abokan hulɗa, sau ɗaya kuma wani ya kwashe asusunsa ya koma wani banki saboda na ce a sauke jeri a buɗe mini hanya zuwa bango. Ban bi labarin abin da ya faru da shi a can ba, ko da yake labarin ya iso ni da kansa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma CEDEAO da tarayyar ƙasashen sefa UEMOA suka ƙaƙaba takunkumi, babban banki ya rufe ƙofofinsa a ƙasar, tsabar kuɗi ta yi wuya, aka taƙaita abin da mutum zai iya cira, layi ya riƙa kaiwa titi tun kafin fitowar rana har aka ɗage takunkumin a watan Fabrairu na 2024. A watannin nan, ko da yake ba aikina ba ne, kowace safiya nakan fita ƙofa in faɗa wa mutane adadin da ke akwai da inda layin zai tsaya, don kada tsohuwa ta yini a rana a banza. An zage ni, amma ba wanda ya ce na yi masa ƙarya.

Kwafin rahoton nan na 2008 yana tare da ni duk tsawon shekarun, a aljihun tebur na ƙasa, takardar ta yi ja, tawadar sa hannuna kuwa ba ta dushe ba. Ranar da zan tafi, bayan an watse daga walima, na kira yarinyar da aka ba kujerata, wadda na koya wa aiki shekara uku, na miƙa mata shi. Ta karanta har ƙasa, ta ɗago ta ce: «Baba, wannan ai sa hannunka ne.» Na ce nawa ne, na nuna mata layin da aka rubuta 4,000, sannan na zauna na ba ta labarin tsanin tun daga kiran wayar dare, har aka kira sallar magariba.